Gayyar Mata a Gonar Babanka

Maska, farkon damina.

Ɗana Enoch,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Glory da jikokina. Ya aiki? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ba ta shiri da sanyi.

Saƙonka ya iso, tare da kuɗin motar da ka aiko wai in tattara in koma Kaduna wurinku. Na gode, amma ba inda za ni. Na san wanda ya hura maka kunne. Tun da muka binne babanka, Baffanka Job ya sa wa gonar nan ido. Wai mace ba ta riƙe gandu, in sakar masa, shi ya riƙa auno mini abin tuwo. Ni da na tsufa ina bin babanka da ƙwaryar iri, yau ni za a auna wa masara da tiya?

Ga abin da bai gaya maka ba. Da ciyawa ta fara cin masara, na kira gayya yadda babanka ya saba. Na tuƙa tuwo, na dama kunu, na yanka zakarana. Na zauna gindin ɗorawa har rana ta take, ko namiji ɗaya bai leƙo ba. Ashe Baffanka ya bi su gida-gida ya hana. So yake ciyawa ta rufe gonar, ya kai wa mai unguwa ƙara cewa na kasa, a damƙa masa. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye maka ba, sai dai ban yi a gabansa ba.

Batun taki kada ya dame ka. Ƙungiyarmu ta mata, wadda kake kira taron gulma, ta ba ni rance daga zubin da muke yi duk Laraba, ina biya da cinikin awara. Saura noma, kuma ban san yadda zan yi ba tukuna. Abin da na sani, gonar nan ba za ta fita hannuna ina numfashi ba.

Ka gaishe da kowa. Allah ya tsare.

Mamarka,
Mairamu.

Maska, kaka.

Ɗana Enoch,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya tarin ƙaramar? A riƙa rufe ta da safe.

Ka yi shiru tun waccan wasiƙa, na san fushi kake. Yi abinka, ni dai zan ba ka labari.

Larabar da ta biyo baya na kwashe komai na faɗa a taro. Hansai, shugabarmu, ta ce tunda muna haɗa kuɗi, me zai hana mu haɗa hannu? Washegari sai ga mata da fartanya, wasu da goyo. Waɗanda ke kulle suka karɓi yara da girki. Maza suka jeru bakin hanya suna dariya, Baffanka yana cewa bai taɓa ganin gayya da zane ba, wai kunyoyinmu sun karkace. Sun karkace ɗin, masara kuwa ba ta ƙi fitowa ba.

Ka san wadda ta fi kowa cin gaba a kunya? Ƙauna, matar Baffanka, da fartanyar mijinta a hannu. Ita ma 'yar ƙungiya ce, ta ce ba zaman kallo ta zo yi ba. Daga ranar muka riƙa zagaya gonakin juna har maimai. Ƙarar da Baffanka ya shirya, har yau ba ta kai ƙofar mai unguwa ba.

Mun karya masara. Dillalai sun zo daga Funtua da farashin wulaƙanci, mun sallame su. Mun zuba a ɗakin ajiyar ƙungiya sai ta yi daraja, ni zan sayar da tawa da bakina. Na ba direba buhu ɗaya ya kawo muku, kada Glory ta auni ta kasuwa.

Kuɗin motarka suna nan yadda ka aiko su, na ɗaure a bakin buhun. Ka hau mota da su, ka zo ka ga gonar babanka.

Taka har kullum,
Mairamu.