Keken da Na Ɗauka a Rumfarka

Zuwa ga Yayana Umaru, mai gyaran keke na bakin kasuwar Illo, wanda Allah ya yi wa rasuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina rubuto maka ne a kan wani abu da ya faru a rumfarka. Na san ba za ka karanta ba. Ko da kana da rai ma ba ka karanta boko, sai dai in karanta maka jarida kana faci, kana gyara mini labarin. Amma akwai waɗanda za su karanta, kuma na fi so su ji daga gare ni, a gabanka.

Rumfar tana nan, Yaya. Fiye da shekara ke nan babu kai, amma ranar kasuwa mutane na zuwa su jingine kekunansu a inda suka saba, na Illo da na ƙauyuka da na tsallaken iyaka, babu kwaɗo, babu mai tsaro. Ba a taɓa zama an ce a ci gaba ba. Ƙafa ce ta saba.

Mun daɗe muna yabon kanmu a kan wannan, muna cewa garinmu garin amana ne. Yanzu na gane rabin amanar idonka ne. Kekunan duk baƙaƙe ne, iri ɗaya, kariya iri ɗaya, sirdi iri ɗaya. Mutum ya fito daga kasuwa a gajiye ya kama na kusa da shi, kai kuma ko kai ba ka ɗagawa daga kwanon ruwan da kake neman hujin taya a ciki, sai a ji ka ce, “Aje shi, wanga ba naka na ba.” A yi dariya, ya ajiye, ya ɗauki nasa. Sau nawa aka yi haka a kowace kasuwa? Ba wanda ya ƙirga, domin ba wanda ya ɗauke shi aiki.

Kafin azahar kuma kakan bi layin kekunan kana matsa birkin kowane. Wanda ya yi sanyi ka ɗaure shi, mai shi bai ma sani ba. In ya lalace sosai, ka hana shi tafiya sai an gyara, ko da zai yi fushi. “Tirela ba ta san ɗan wa kake ba,” abin da kake ce musu ke nan. Hanyar ta fi yadda ka bar ta muni. Manyan motoci sun ƙaru, 'yan kabu-kabu masu jarkoki suna wucewa kamar ana korarsu, mai keke kuma sai gefen titi, inda kwalta ta gutsure.

Ka san na bar aikin jarida na dawo gida ba da daɗewa ba kafin rasuwarka. Kekenka ya tafi Bahindi wurin babban ɗanka, haka rabon gado ya faɗa. Sai na haye Benin na sayi na hannu a wata kasuwa. Baƙi ne shi ma, sai dai a bayansa akwai ɗan ƙaramin allon gwangwani mai rubutun Faransanci. Birkinsa bai da ƙarfi tun ranar farko. Kullum ina cewa zan kai a gyara, kullum ina fasawa. Gaskiyar ita ce ban so in ga kekena a kife a gaban wani mai gyara da ba kai ba.

Wata ranar kasuwa na jingine shi a rumfarka na shiga cefane. Na fito rana ta take, idona na dama da yana ta rufe yana yi mini hazo, na kama keke na hau. Na tuna a hanya na matsa birki ya kama cak, har na ji daɗi. Ban tambayi kaina dalili ba. Na shigar da shi zaure, washegari da sassafe na tafi Birnin Kebbi aikin idon. Na yi mako uku a can.

Da na dawo, a majalisa bayan la'asar aka ba ni labari. An sace keken Malam Garba, manomin shinkafar nan da kake tsokana da cewa yana ɗora wa kekensa kayan jaki. Ɓarawon, in ji su, ya ɗauki mai kyau ya bar tsohon nasa, kuma wanda ya bari ɗin na Benin ne, har da allonsu. An kulle keken a wani shago. An kuma san wanda ke da hannu: Isufu.

Isufu naka, Yaya. Mutumin Dandi na tsallaken iyaka, mai kawo garin rogo, wanda ya fi shekara ashirin yana jingine kekensa a jikin ginshiƙin hagu, wanda kuke cin goro ɗaya. Hujjarsu biyu ce. An gan shi ran nan ya sunkuya a kan keken da aka bari yana taɓa shi. Kuma da aka nuna masa allon ya karanta, ya faɗi garin da aka buga shi. Sai aka ce, to ashe ka san mai shi.

Kasuwar da ta biyo baya suka tare shi a rumfarka. Suka sa ya sauke buhunansa. Aka kawo Alƙur'ani ya rantse a gaban jama'a, wani daga baya ya ce rantsuwa ba ta yi wa mutanen tsallake wuya. Ya ɗaure kayansa ya tura kekensa ya fita, bai sayar da ko mudu ɗaya ba. Bai sake zuwa ba.

Na zauna na ji wannan duka da kunnena, har da maganar allon. Ni da na yi shekara da shekaru ina koya wa sababbin 'yan jarida cewa kada su rubuta an yi sata sai sun ga abin da aka sata da wanda ya gani, ban yi tambaya ko ɗaya ba. Ban ce a nuna mini keken ba. Na ce “Allah ya kyauta,” na tashi na tafi magariba.

Bayan kwana biyu, da hantsi, na fito da keken daga zaure na kife shi zan sa wa sarƙa mai. Idon da aka gyara yana gani tar. A jikin wayar birki na ga ɗaurinka: murɗi uku, an lanƙwasa bakin wayar ciki don kada ta yagi riga. Duk faɗin ƙasar Bagudo ban san wani mai ɗaure waya haka ba. Kekena kuwa bai taɓa shiga hannunka ba, bayan ka rasu na saye shi. Na duba baya. Babu allo.

Na daɗe a tsugune, Yaya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi mini nauyin faɗa. Ɗaukar keken kuskure ne, kowa na iya yi. Amma na yi kwana huɗu ban gaya wa kowa ba, kuma wannan da sanina na yi. Na yi tunanin in tura shi da asuba in jingine a rumfa in dawo. Har na kai shi bakin ƙofa sau ɗaya. Abin da ya tsayar da ni, na san yadda za a fassara: ɓarawo ya ji tsoron rantsuwa ya dawo da kaya. Garba zai samu kekensa, ni in tsira da mutuncina, Isufu kuma ya tabbata ɓarawo har abada.

Ranar kasuwa na tura shi da rana tsaka, na tsaya a tsakiyar rumfarka na faɗi yadda aka yi. Na shirya wa zagi. Garba ya duba kekensa, ya matsa birki, ya kece da dariya, ya ce da na gaya masa ina sha'awa ai da ya ara mini. Wani ya ce ɗan boko da ido huɗu ya kasa gane kekensa. Aka buɗe shago aka fito mini da nawa, aka kakkaɓe masa ƙura, har da mai yi mini sannu da jiki.

Cikin ɗan lokaci aka yafe mini, domin ni ƙanenka ne, kuma an san gidanmu. Abu ɗaya ne ya faru da keke ɗaya. Da ake zaton ɗan tsallake ne, sunansa sata. Da aka ga ni ne, ya zama abin dariya. Na tsaya ina jira wani ya ambaci Isufu. Kowa ya koma ga cinikinsa. Na lura kuma kekuna da yawa a layin yanzu suna da kwaɗo, sababbi, suna ƙyalli.

Na gaji, Yaya. Ba gajiyar jiki kaɗai ba.

Na je wurinsa da kaina. Na haye iyaka a kan kekena, a wata gangara na sauko da ƙafa biyu ina jan ƙasa don wata tirela da ta ƙi kaucewa. Na same shi a ƙofar gida yana ɗinke buhu. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya yi mini ta'aziyyarka karo na biyu kamar jiya ka rasu. Na gaya masa komai, har kwana huɗun. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, “Ba komi, Malam. Wanda zai ce ba Isufu ba ne, shi ne ya mutu.”

Na tambaye shi me ya sa ya sunkuya a kan keken ran nan. Ya ce ya ga hannun birkin ya saki, ya matsa ya ji babu komai, ya tsaya ko mai shi zai fito ya gargaɗe shi, har rana ta yi masa ya tafi. Ya ce tun da ka rasu yakan bi layin in ya samu sarari, don ya ga ba mai yi. Kafin in tashi ya ɗauko filaya ya ɗaure mini birkin.

Yanzu wata kasuwa yake kai garinsa, can cikin ƙasarsu, tafiyar ta ninka, ga shi ba yaro ba. Na roƙe shi ya dawo. Ya ce ni ya yafe mini tun kafin in gama magana. Amma a gaban mutane aka sa shi ya ɗora hannu a kan Littafi, ba zai koma ya jingine kekensa a wurin ba don kawai an yi dariya an watse. Gaskiya ya faɗa.

Shi ya sa na rubuta wannan, da sunansa a ciki, don duk wanda ya ji labarin farko ya ji na biyu. Isufu bai ɗauki keken kowa ba, bai san wanda ya ɗauka ba. Ni na ɗauka. Ranar kasuwa mai zuwa zan karanta takardar nan da ƙarfi a rumfarka, tun da safe, lokacin da ake jingine kekuna. Na kuma bi gidajen dattawa biyu da suka tsaya a kan rantsuwar, na ce su zo mu je gare shi tare. Ɗaya ya ce abin ai ya wuce. Ɗaya ya ce ƙafarsa na ciwo. Garba, da ban ma roƙa ba, shi ya aiko cewa in na tashi tafiya in biya masa. Mu biyu ne ke nan zuwa yanzu. Ban san ko zai isa ba, amma za mu je.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da duk ran da ka tsare a kan hanyar nan ba tare da mai shi ya sani ba. Allah ya yafe mini shirun da na yi. Ya sanyaya zuciyar Isufu, ya ba mutanen garinmu ƙarfin takawa zuwa ƙofarsa. In kuma bai dawo ba, Allah ya sa masa albarka a kasuwar da ya koma, ya kai shi gida lafiya duk ranar da ya hau titi. Amin.

Ni ne ƙanenka, wanda ka goya a kariya zuwa makaranta,
Bello