Aron Rariya

Kurudu, Abuja
3 ga Maris

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, Baba da su Suwaiba kowa lafiya.

Na san za ki ce wace irin wasiƙa a zamanin waya. To ai ke kika ja. Duk ranar da na kira, da kin ji muryata sai ki ce "ga Suwaiba", ki miƙa mata. Shekarata talatin da ɗaya, kunyar 'yar fari ba ta bar ki kin taɓa kiran sunana ba. Takarda kuwa ba ta da ido, za ki iya karantawa a ɗaki ke kaɗai. Malam Dallatu direba zai kawo miki ita hannu da hannu.

Cikin ya shiga wata bakwai. A rufe fuska a karanta, na dai faɗa. Lafiyata lau, ina zuwa ofis, ina cin tuwo kamar mai noma. Sai dai likita ta ce mabiyiya ta zauna ƙasa, don haka babu doguwar tafiya, kuma a asibiti zan haihu. Ke nan zuwa gida haihuwa ya faɗi.

Da Goggo Yelwa tana raye da ban dame ki ba. Ita ta ɗauke ni tun daga yaye, ita ta kai ni ɗakin miji, ita ta yi alkawarin wankan jegona, Allah bai nufa ba. Inna, ke nake so ki zo ki zauna da ni har arba'in. Ba na jin tsoro, wallahi, amma ina son in buɗe ido in ga nawa a kaina.

Surukinki Shafi'u yana gaisuwa, ya ce tikitin jirgin ƙasa daga Rigasa a wuyansa.

'Yarki,
Khaula

*

Birnin Yero
10 ga Maris

Zuwa ga mutanen Kurudu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa. Takarda ta iso, an ji abin da ke ciki. Allah ya raba lafiya.

A yi haƙuri da rubutun, na makarantar yaƙi da jahilci ne.

Maganar zuwa, ba a yin haka a gidanmu. Uwata ba ta yi mini wankan fari ba, ƙanwar ubana ce ta yi. In na kwashi ƙafa na tare a gidan suruki saboda 'yar Yelwa, da wane ido zan dubi matan garin nan? Ni ba marar ta ido ba ce.

Safiyatu matar kawunku ta yarda za ta zo. Tana da hannu, jego tara ta yi wa mutane.

Ga saƙo wurin Dallatu: yajin jego, kanwa ungurnu, gero tiya biyu, man shanu, da zanen goyo saƙi guda biyu. A tanadi itace da garwa babba. A daina ɗaukar abu mai nauyi. A daina hawa babur, an ce ana hawa.

A gaida maigidan.

Azumi

*

Kurudu
18 ga Maris

Inna,

Sallama da gaisuwa. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Yajin nan tun daga bakin get ya sanar da zuwansa, maigadi sai da ya yi atishawa uku.

"Mutanen Kurudu" sun gode. Mu biyu ne dai a gidan, na ukun yana ta harbina a haƙarƙari.

Maganar itace ta ba Shafi'u dariya. Inna, a bene muke, hawa na biyu! Ranar da maƙwabciyarmu ta hura gawayi a baranda sai da oga mai gidan ya zo da kansa. Amma kada ki damu, na sayi babbar tukunya da ta hau kan gas daidai, akwai darbejiya a bayan masallaci, na riga na yi magana da mai ita. Likita ta ce ruwa kada ya yi zafin salar fata, kanwa kuma kaɗan. Jakar asibiti tana bakin ƙofa: kayan sanyi, famfas, auduga, man zaitun, katin awo. Gidan sauro an ɗaura. Har jini Shafi'u ya bayar an ajiye, ya dawo yana tafiya kamar wanda ya yi yaƙi. Kin ga ban zauna jiran kowa ba.

Baba Safiyatu ta sha zamanta, ina gaishe ta. Ba hannu na rasa ba, Abuja cike take da masu wankan jego. Uwa na ce.

Yanzu bari in faɗi abin da na riƙe shekara guda. Da Goggo tana kwance a asibiti ta ce mini, "Khaula, kina ganin uwarki ba ta kula ki ko? Tun ranar da na ɗauke ki, duk Juma'a sai ta ratso gari ta zo aron rariya. Ta zauna a bakin ƙofa tana tankaɗe, ba ta dube ki ba, amma in kin yi tari sai hannunta ya tsaya. Shekara goma sha ɗaya tana aro. Ranar da na je gidanku barka, na ƙirga rariya uku a rataye a ɗakinta, sababbi."

Na tuna ki, Inna. Na tuna matar da ke zuwa da gari a ƙwarya, ta tafi ta manta ƙuli-ƙuli a kan turmi. Na yi kuka ranar da na gane, kuma na ji haushinki, ba zan ɓoye ba.

Da aka zo rabon kayan Goggo, rariyar nan kaɗai na roƙa. Tana nan rataye a kicin ɗina.

'Yarki ta fari,
Khaula

*

Kurudu
12 ga Afrilu

Inna,

Assalamu alaikum. Sau uku Malam Dallatu yana zuwa hannu rabbana. Na tambaye shi, ya ce kin karɓi takardar, kin shiga ɗaki, ba ki fito ba har ya gaji ya tafi. Suwaiba kuma ta ce kin hana a yi zancena.

In na yi rashin kunya, ki yafe mini. Bakina ya fi ni sauri, Goggo ma ta sha faɗa. Sirrinki ne, bai kamata in kwance miki zane ba, ko da a takarda.

An sake hoton ciki jiya. Mabiyiyar ba ta matsa ba, don haka aiki za a yi, ranar Alhamis 24 ga wata da safe. Kada hankalinki ya tashi. Likitar ta ce irinsa take yi duk mako, ni ma na ga waɗanda aka yi wa suna tafiya da ƙafarsu. Mace ce, in ji na'ura. Shafi'u ya ce sunan Goggo za a sa, na ce sai dai a haɗa da naki, ko a rinƙa kiranta "mutanen Kurudu".

Maƙwabciyata Maman Zuhra za ta kwana da ni a asibiti. Komai ya kammala. Ba zan sake roƙo ba, addu'arki kawai nake nema. Amma katifar da na saya miki tana nan a ɗakin baƙi, ban cire ledarta ba.

Ki gaida Baba.

Khaula

*

Birnin Yero
19 ga Afrilu

Zuwa ga mutanen Kurudu,

Bayan gaisuwa. Takardu biyu sun iso. Babu laifin da aka yi. Yelwa ce dai ba ta iya riƙe magana ba, Allah ya jiƙanta.

An fasa turo Safiyatu.

Na gaya wa babanku da matan gida cewa rariyata ta yage, ta Yelwa kuma tana Abuja, babu mai tankaɗe kamarta. Suwaiba ce kaɗai ta yi dariya, na kore ta.

Maigidan ya tare ni a tashar Idu ranar Laraba, jirgin safe. Ban taɓa shiga ba, a tsaya inda zan gani.

Gari ne da yawa, zai kai kwana arba'in. A cire ledar katifa.

Azumi