Mazurarin da Ya Ɗaure Ruwa

Litinin, 11 ga Yuni 1973, Dogo-Dogo
Na kafa ma'aunin ruwan sama a gonar Laminu mai masaukina: mazurarin ƙarfe bisa turke, kwalba a ƙasa. Farfesa ya ce burs ɗina, kuɗin tallafin karatuna, ba za ta ci gaba ba sai na kawo awon damina cikakke, ba giɓi, don a gani ko da gaske ruwan ƙasar nan raguwa yake. Ba awo, ba tez, kundin binciken digirina ke nan. Shi yana Faransa, ni ina nan ina haɗiyar zafi. Matata Dije da yara suna can Dogonduci, ban san me suke ci ba.

Juma'a, 15 ga Yuni
Hadari ya haɗu, ya watse.

Talata, 19 ga Yuni
Kullum da safe nakan ciro kwalbar in kife ta, in tabbatar ba ɗigo. Haka aka koya mini. Yau Ƙande matar Laminu ta gan ni, ta dafe ƙirji. "Malam, sama na neman zubowa kana kife mata ƙwarya?" Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Asabar, 23 ga Yuni
An yi roƙon ruwa, riguna a juye. Ba wanda ya kira ni. A bakin rijiya an ce baƙo ya ɗaure ruwa. Sambo, mai shanun da ke zaune gabas da gari, ya rasa saniya ta uku. Ya ce mini, "Kai kana auna shi, mu muna mutuwa a kansa." 

Laraba, 27 ga Yuni
An tumɓuke ma'aunin. Na tsince shi a ƙofar ɗakina, an goge shi tas, ko lotsawa bai yi ba. Kowa ya san Sambo ne. Laminu ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, sun rantse in ya koma gonata, ni da kai za mu bar gari."
Supurefe, shugaban gunduma a Magarya, ya taɓa ce mini in an taɓa kayan bincike in yi magana, zai turo gardawa, dakarun hukuma. Na san abin da gardawa ke yi wa mai shanu. Na kuma san abin da giɓi zai yi wa shekaruna na karatu. Jahilci ne, wallahi jahilci. Amma ni na kife kwalbar a gaban mutanen da ke kwana da yunwa, ban taɓa bayyana wa kowa dalili ba.

Lahadi, 1 ga Yuli
Motar Magarya ta zo. Na sa takalmi don in kai wa Supurefe ƙara, na kai har tasha. Ta tafi ba ni. Ƙafata ce ke ciwo.

Juma'a, 6 ga Yuli
Jiya da la'asar ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Yanzu kuma ba mai raba su da zancen ɗaurin ruwa, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ruwan farko, ba awo. Tez ta tafi ke nan, ko ta rame.
Da safe Laminu ya ɗauki sungumi, hannu bai ishe su ba. Ƙande ta miƙo mini ƙwaryar iri. Na bi bayansa ina zubawa ina takewa har azahar. Sambo ya wuce da sauran shanunsa, ya ce, "Sannu da aiki, Malam." Na amsa.
Gobe sauran gonar arewa. Wai ina cika iri a rami.