Mil Arba'in Ta Sama

Daren Laraba, Yuni 1999, Ƙofar Mata

Yau Sale, wanda nake sayen baban rini a wurinsa, ya zo daga ƙauye da labari. Wai sabon ɗan majalisarsu ya je musu godiya a jirgi mai saukar ungulu, direban jirgin kuma ya ce daga Kano zuwa garinsu mil arba'in ne kacal ta sama. Kowa a karofi ya yi dariya, ni kuwa ban yi ba.

Shekara goma sha ɗaya ina sallar ƙasaru duk zuwan da na yi can, don a mota mil saba'in ne, yini guda muna kewaye kogi da duwatsu. Ƙasaru kuwa sai tafiya ta kai mil arba'in da takwas. Na ɗauko taswirarmu ta sakandare, na auna da zare sau uku. Mutumin bai yi ƙarya ba. To wanne ne nisan gaskiya? Raka'a nawa zan rama?

Bayan Isha'i na tare Malam liman a zaure, har da zaren a hannuna. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam Habu, kai ta sama kake zuwa?"

Na ce a'a, a bayan akori-kura.

"To ran da ka yi fiffike, sai ka cika sallarka."

Na ji sanyi a raina. Amma har yanzu ina mamakin yadda garin nan yake kusa da mu haka, ban taɓa sani ba.