Na Danna Kore, Ɗakin Da Ɗana Ya Gina Mini Ya Zama Fili

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Sai da na ga babu keken ɗinkin sannan na gane na yi ɓarna. Na shiga ɗakin kamar kullum, bango na nan, ƙofa na nan, amma keke da tebur da kujera da labule duk sun ɓace, sai fili. Na fita na sake shigowa, wai ko idona ne. Ba idona ba ne.

Ki yi haƙuri, na faro miki daga tsakiya. Ɗakin da nake faɗa na cikin wasan kwamfuta ne. Ni tela ce, karatuna bai yi nisa ba. Babban ɗana mai gyaran waya ne, bara Allah Ya karɓi abinsa bayan 'yar gajeriyar jinya. Ya bar wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburin da nake yanka, ko murfin gefe ba ta da shi, fankarta na ta gurnani ba hutu. Mun sha faɗa a kanta. In na zare ta don in jona dutsen guga, sai ya shigo a guje kamar gobara ta tashi, ni kuma in ce masa gardi da gemu yana wasan yara.

Bayan rasuwar, amininsa da suke kira Dogo ya zo gaisuwa, ya durƙusa yana roƙona kar in kashe ta. Ya ce sunanta saba, wai duniyar wasan gaba ɗaya a cikinta take zaune, abokansu na garuruwa daban-daban ta intanet suke shigowa su gina gidaje, su yi noma tare. Ya ce ɗana ne ya haɗa komai da hannunsa, ya kuma liƙa wa wasan wasu ƙare-ƙare da ake ce wa mod, su ne ke kawo kayan ɗaki da dabbobi da abubuwan da asalin wasan ba shi da su. Sai ya nuna mini. Anti, yaron nan ɗakin ɗinkina ya gina. Har kwandon ƙyallaye, har ita kwamfutar a ƙarƙashin tebur. Bai taɓa faɗa mini ba. Dogo ya koya mini shiga, tun daga lokacin in na idar da sallar asuba sai in leƙa in ɗan tsaya a ciki kafin in hau keke.

To, ranar nan wani rubutun Turanci ya fito a allon. Shi marigayin da bakinsa ya koya mini a waya cewa duk abin da ya fito in danna kore kawai. Na danna kore. Ashe sabunta wasan na yi, su kuma mod ɗin na tsohon ne, ba sa tafiya da sabon. Ina zan sani?

Tun ranar ban huta ba. Dogo yana turo mini saƙon murya mai tsawon da sai in gama kalmasa zane bai kai ga magana ba, wai a mayar da wasan baya. Akwai wani cikinsu da suke ce wa Farfesa, ban taɓa ganinsa ba, amma ya fi kowa iyayi. Shi cewa yake a share tsofaffin mod ɗin a ci gaba da wasa haka nan, ko ma a buɗe sabuwar duniya, wai mutane sun gaji da jira. Gajiyar me? Ɗansu ne ya mutu? Kullum sai su sa ni ɗaukar hoton wani baƙin allo mai ƙananan rubutu, in tura su ce bai fito ba, in sake su ce na yanke gefe. Ga masu ɗinki a tsaye a kaina, ni kuma ina durƙushe ƙarƙashin tebur da tabarau. Da abin ya ishe ni na zare wayar intanet ɗin daga bayanta, na ce kowa ya zauna a gidansu. Yanzu fushi suke da ni.

Sai kuma 'yata, ƙanwar marigayin, ma'aikaciyar asibiti ce, da aurenta. Ita cewa take dama ta samu, a kira mai gwangwan ya kwashe kwamfutar. Wai na bar mutane na koma zama da akwati, wai rabon da in je gidanta tun jinya. Na ce mata ba ta da tausayi, ta fita tana kuka, ba ta sake kira ba.

Ni ba wasa nake so ba, Anti, ban ma iya ba, ko tafiya a ciki sai in yi ta karo da bango. Ɗakina kawai nake so ya dawo yadda ya bar shi. Maganar wa zan bi? Kwamfutar na nan a kunne, ban bari kowa ya taɓa ba, kuma har yau ban iya kiran 'yata ba.

Uwar mai gyaran waya

AMSA

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan ɗanki, Ya ba ki haƙurin rashinsa. Ki fara sauke laifin nan daga kanki. Abin da aka koya miki kika yi. Masu laifi su ne gardawan da suka bar miki injin a ƙarƙashin tebur wata da watanni, babu wanda ya tuna ya kashe sabuntawar, sai yanzu kowa ya zama malami.

Na kai wasiƙarki wurin wanda ya san wannan aiki. Ya ce zare wayar intanet da kika yi daidai ne, kar ki mayar. Ke ma ki daina leƙa ɗakin tukuna, domin duk shigar da aka yi da sabon wasan, yana iya rubuta filin nan a kan abin da ke wurin a da, har ya zauna. Kafin a taɓa komai, a tsayar da wasan, a kwafe duk abin da ke cikin kwamfutar zuwa wata ma'ajiya ta daban, kwafi biyu, ɗaya a hannunki. Bayan nan a duba ko marigayin ya sa injin yana ajiye kwafin duniyar da kansa, masu irin wannan aiki da yawa suna yi. In an samu na kafin ranar, sai a dawo da tsohon wasan da mod ɗinsa daidai yadda suke, a buɗe wannan kwafin, a kashe sabuntawa. In ba a samu ba, ba zan ɓoye miki ba, wataƙila kayan sun tafi. Ko da haka ne, bangon da ya gina yana nan, kuma waɗanda suka san ɗakin za su iya mayar da kayan gwargwadon abin da suka tuna.

Maganar Dogo ce ta fi kusa da daidai, amma aikin nan ba na saƙon murya ba ne. Ya zo da ƙafarsa ya zauna ya yi a gabanki. Hoton allo kuma kin gama ɗauka. Farfesa yana da baki, ba shi da iko. Sai dai kar ki ɗauke su marasa imani gaba ɗaya. Su ma aboki suka rasa, kuma nan ne kaɗai wurin da suke haɗuwa su tuna da shi. In an gyara, ki bar Dogo ya ɗauki kwafi ya buɗe musu tasu sabar a wurinsa, su sabunta abin da suka ga dama. Ke a bar miki naki a rufe, ba intanet, ki kunna lokacin da kike so, ki kashe ki jona dutsen gugarki. Tsohuwar kwamfuta mara murfi ba wurin ajiyar abu mai daraja ba ce, ko ba ki danna komai ba wata rana za ta tsaya.

Batun 'yarki kuwa, a nan ba na bayanki. Maganar mai gwangwan ba ta yi daɗi ba, gaskiya ne. Amma yarinyar nan yayanta ta rasa, ga shi tana ganin uwarta ma tana suɓuce mata. Ina zargin ba ki taɓa nuna mata ɗakin ba. Kin ba ta labarin akwati mai gurnani, ta yaya za ta so shi? Ke ce babba, ke za ki kira. Ki ce mata kin yi kuskure a kalmar da kika jefa mata, ki gaya mata abin da yayanta ya gina, ki ce ta zo ranar da Dogo zai zo. Ko kayan sun dawo ko ba su dawo ba, kada ki kalli allon nan ke kaɗai.

Allah Ya sa a samu kwafin, Ya daidaita tsakaninki da 'yarki, Ya sanyaya miki zuciya. Dogo zai iya jira zuwa ƙarshen mako. Kiran 'yarki ne ba ki yi ba, kuma yau ya kamata.