Jinin Wa Ke Jikinka, Yaya?

Assalamu alaikum, Yaya Malam Sani. Gaisuwa daga ƙanwarka Hajara, tare da fatan Kumasi ta karɓe ka yadda Zongon Lome ta ɗauke ka a kai.

An ce har yanzu muryarka na cika masallaci. Na yi murna, don na san inda numfashin ya fito.

Ka tuna shekarar murar nan mai sauka a huhu, lokacin ina sayar da atamfa mai hoton shugaba? Inna ta kwanta a asibiti, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Likita ya ce suna gwada wani magani, ruwan jinin waɗanda suka warke, ko zai taya jikin mara lafiya yaƙi. Bai yi alkawari ba, izini kawai ya nema.

Kai ne babba, kai aka tambaya. Ka ce jinin wa? Aka ce haɗawa ake yi, har da na mutanen Akodesewa, kasuwar kayan tsafi. Ka gyara rawani, ka ɗaga murya yadda duk 'yan dubiya za su ji: "Uwata ba za ta sadu da Allah da jinin matsafa ba." Aka yi ta sa maka albarka. Inna na kallonka, ba ta da numfashin da za ta ce a'a.

Ba mu yi wa Inna sadakar bakwai ba ciwon ya kayar da kai. Ina gefen gadonka ina yi maka fifita ka kama rigar likita, ka roƙe shi maganin nan da Faransanci, don kada 'yan Zongo su gane. Ka manta a kasuwa nake wuni, Yaya. Ban ji ka tambayi jinin wa ba.

Ban ce da ta rayu ba. Likitan ma bai sani ba, shi ya sa sunansa gwaji. Amma kai ka gwada, ita ka hana ta.

Na tsane ka a kan wannan, kuma ina kewarka, don kai ka goya ni muna yara, kai kaɗai ka rage mai irin dariyarta.

Allah ya jiƙan Inna. Kai kuma ya ja kwananka, ya bar maka hankalinka garau, ka riƙa tuna ta duk lokacin da ka ja numfashi za ka yi kabbara.

Ƙanwarka da ke jin Faransanci,
Hajara