Gwangwanayen da Baba Ya Binne

Thunder Bay,
Lahadi, 9 ga Nuwamba.

Zuwa ga ƙanena Arvo,

"Yaya, ƙura kawai zan goge masa. Kafin Litinin Mama za ta gan shi a ƙarƙashin talabijin ɗinta." Maganarka ce, a ƙofar kicin ɗin Mama, akwatin wasan bidiyon Baba a hammatarka, bakinka cike da burodin da ta gasa. Litinin biyu sun wuce.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Denise da 'yan matanku, da fatan gwiwar nan ta daina damunka. Da gaske nake tambaya, ko da yake so nake in shaƙe ka. Na ɗauki biro ne saboda ba ka ɗaga wayata, takarda kuwa ba ta da wurin da za ka danna ta yi shiru.

Jiya na haɗu da matarka wajen cefane. Cikin murna, baiwar Allah, ta gaya mini ka kai akwatin shagon da ke sayen tsofaffin kayan wasa, sun ba ka dala ɗari da tamanin, ka cika ka sayo kayan da za ka haɗa wa Mama kwamfuta. Wai ba-zata kake shirya mata na Kirsimeti. To, ni dai na riga na sha nawa ba-zatan, a gaban layin dankali.

Tunda ba ka taɓa zama ka kalla ba, bari in gaya maka abin da ka sayar. Bayan Baba ya bar aiki a rumbunan alkama ya sayi akwatin nan, kuma shekara shida wasa ɗaya ya yi a kansa, wanda ake ba mutum fili a bakin tafki ya yi gini da shuka. Bukkarmu ta hutu ya sake ginawa. Ɗakin wankan tururin na nan, itacen tufa na nan, har gadar katakon da ya yi shekara talatin yana cewa zai miƙar, a karkace ya gina ta da gangan.

A wasan ana iya rubuta takarda, a sa a gwangwani, a binne. Lokacin sanyin da likita ya gaya masa gaskiya, aikin da ya yi ke nan, mu muna zaton kifi yake kamawa. Wata biyu bayan jana'iza Mama na haƙa ramin dankali a ciki ta ci karo da na farko. Tun daga nan kowace Lahadi in ta dawo coci takan haɗa kofi, ta zauna, ta haƙa rami ɗaya. Ɗaya tak. Wani lokaci tsutsa take samu ko tsohon takalmi, ta kashe talabijin sai wani mako. Ta samu ashirin da uku. Ba wanda ya san nawa suka rage.

Kada ka zaci waƙoƙin soyayya ne, ka san mutumin. "Aino, kin sha maganin hawan jinin?" "Makullin da kike nema yana aljihun kwat ɗina mai ruwan toka." Akwai wadda ta ce, "Miyar kifin nan ta 1987 gishiri ya yi mata yawa, yanzu zan iya faɗa." Mama ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta ce masa tsohon banza.

Yau ta dawo coci, ta haɗa kofinta, ta zauna da hannun wasan, abin latsawar nan da ka manta ba ka ɗauka ba. Ta dubi wayoyin da ke reto a bango, ta ce, "Yaron nan da wane irin tsumma yake goge ƙurar?" Na ce aiki ne ya yi maka yawa. Ina da shekara hamsin da huɗu, na yi wa uwata ƙarya saboda kai.

Ka je ka karɓo shi.

Yayarka,
Ilona.

Thunder Bay,
Laraba, 12 ga Nuwamba.

Arvo, ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gida, ya sanyin nan da ya sauko mana da wuri? Na samu amsarka a akwatin wasiƙuna: shafi biyu, layi-layi, kwamfuta a dama, akwatin wasa a hagu, har da launi. Ko "Yaya ina wuni" babu.

Na karanta sau biyu, kuma zan ba ka haƙƙinka. Ka yi gaskiya. Wasan da ake sayarwa dala saba'in a akwati, kai a kwamfuta kana jiran rangwame ka same shi sha biyar. Akwati in ya tsufa sai a sake sabo gaba ɗaya, kwamfuta kuwa a cire abu ɗaya a sa wani. Wasanni ɗari bakwai ka tara, na noma kaɗai sun fi ashirin. Na kuma yarda da kai cewa kamfanin da ya ƙi sakin wasansa ko'ina sai a nasa akwatin, don dole a saya, rowa yake yi. Da ni zan fara yau, kwamfuta zan saya.

Amma shekara ashirin da shida ina aiki a ɗakin karatu. Muna da littafi dubu ɗari biyu, muna kuma da wani dattijo da ke aron littafi ɗaya kowace Janairu. Ban taɓa kama hannunsa na nuna masa sauran kantoci ba. Ya san suna nan. Mama ba wasan noma take so ba, Arvo. Filin nan take so, kuma wasan na cikin waɗanda ba a yi wa kwamfuta ba. Kai da kanka ka rubuta haka a layi na tara, da ƙananan baƙaƙe.

Sai layinka na ƙarshe, inda ka ce in kwantar da hankali, komai na ajiye a intanet da sunan Baba, kowane akwati aka samu za a sauke. A wajenku masu kwamfuta haka ne, kyauta. A akwati sai an biya kuɗin shekara. Ka tuna wa ya hana Baba biya? A teburin Kirsimeti, shekara uku da suka wuce, ka ce, "Haba Baba, wa ke biyan haya a gidan da ya saya?" Ya ji daɗin maganar har ya maimaita wa maƙwabta, washegari ya soke. Babu komai a intanet. Bukkar, da gadar, da gwangwanayen duka suna cikin wannan baƙin akwatin da ke kan kanta a bayan shago, da lamba manne a jikinsa.

Na gan shi jiya da idona. Manajan, wani mai suna Gord, ya ce mako uku suke riƙe kaya, sannan su goge komai su fitar kasuwa. Naka ranar Asabar ne, ƙarfe tara na safe. Na ce zan biya ninki biyu. Ya ce, "Madam, ko ninki goma ne, kafin a goge wanda ya sa hannu kaɗai nake ba wa, da rasit da katin shaidarsa. Bayan an goge kuwa, ki zo da safe, har ragi zan yi miki." Ban mare shi ba. Ka rubuta wannan a shafinka, a ɓangaren dama.

A hanyar gida fushin ya ɗan lafa, na yi ta tunaninka. Tun da aka binne Baba ba ka zauna a kujerarsa ba. Ka kwashe kayan aikinsa zuwa ɗakin ƙasa, ka sake wa Mama famfo, ka sake firji, ka sake tayoyin motar da ba ta tuƙawa. Duk abin da ya taɓa, sai ka samo wanda ya fi shi. Na gane. Ni karatu nake yi in na rasa yadda zan yi, kai kuma sukudireba kake ɗauka. Ba mugunta ka yi ba. Amma sabo ba ya maye komai a nan.

Akwai abin da Mama ta hana ni faɗa, zan faɗa. A watan Agusta ta haƙo gwangwani da sunanka a kan murfin. Ba ta buɗe ba. Ta mayar da shi ƙarƙashin karkatacciyar gadar, ta ce, "Ranar da ya gaji da gudu zai zo ya tone abinsa." Ni ma ban san abin da ke ciki ba. Ƙila game da injin yankan ciyawar da ka lalata ne. Ƙila ba shi ba ne.

Shagon na rufewa ƙarfe shida ranar Juma'a. Kuɗin na wajena in su ne matsalar, ba kuwa zan taɓa tada maganar ba. Ina so in ga akwatin a ƙarƙashin talabijin ɗin Mama kafin ta ci abincin yamma.

In ban gan shi ba, ranar Asabar ƙarfe tara daidai zan ɗauko Mama in kawo ta gidanka. Zan zaunar da ita gaban sabuwar kwamfutar, in sa mata hannun wasan a cinya, in ce, "Mama, ga Arvo, zai nuna miki inda za ki haƙa." Daga nan ba zan ƙara cewa uffan ba, ka kuwa san abin da wannan zai ci mini.

Ka gaida Denise da 'yan mata. Ka sa hula in za ka fita, kuma rasit ɗin, in ji matarka, yana aljihun ƙofar mota.

Yayarka har kullum,
Ilona.